Ɗanyen Hoto Ko Dafaffe?

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Nyanya, ta ratsa Karu, ta nufi Kurudu da Orozo har Karshi, in ya iso Jikwoyi ran Asabar da hantsi ba zai rasa ganin rumfar biki ba, kuma a bakin rumfar da wuya a rasa saurayi rataye da kyamara a wuya. Da yawansu sababbin shiga ne. Wani tsohuwar Canon ko Nikon ya saya ta hannu, wani kuwa ta maigidansa ce aka ba shi aro. Kusan dukkansu sun taɓa cin karo da wata tambaya da kyamara ke yi cikin jerin saitinta, watau RAW ko JPEG, sai su danna wanda yatsa ya faɗa wa, su wuce. Ga ta dai ƙaramar tambaya, amma sau da yawa ita ke raba wanda za a sake kira a biki na gaba da wanda uwar amarya za ta bi da Allah ya isa.

Kafin a zaɓa, ya kamata a san abin da ke gudana a cikin kyamara. In aka danna maɓalli, haske yakan faɗa kan wani ɗan faranti mai miliyoyin ƙananan idanu, kowane ido ya auna hasken da ya same shi. Wannan awo, in aka ajiye shi yadda yake ba a taɓa ba, shi ne RAW, ma'anarsa ɗanye. Kamar gero ne a rumbu: mai shi na iya yin tuwo da shi, ko fura, ko kunu. Shi kuwa JPEG, wanda wani kwamitin masana na duniya ya tsara ƙa'idarsa cikin 1992, dafaffe ne. Kyamara ce da kanta ke surfe, ta niƙa, ta tuƙa: ta yanke launi, ta yanke kaifi da ƙarfin haske, sa'an nan ta matse hoton, ta zubar da abin da take zaton ido ba zai lura da rashinsa ba. Tuwo kuwa in ya tuƙu, ba a mai da shi fura.

Abin da ake zubarwa ba kaɗan ba ne. Tsakanin baƙi ƙirin da fari fat, JPEG yana riƙe da matakai 256 ga kowane launi cikin ukun nan, ja da kore da shuɗi. Ɗanyen hoto yana riƙe da 4,096, a wasu kyamarorin ma 16,384.

To, mai karatu zai ce ina ruwan mai hoton Jikwoyi da wannan lissafi? Ruwansa ya yi tsaki kuwa. Alal misali, a ce an ɗaura aure bayan Azahar, ango ya fito, baƙin mutum cikin farar shadda, an zuba mata aikin aska takwas a ƙirji, rabin jikinsa a inuwar rumfa, rabi a rana. Babu jarrabawar da ta fi wannan wuya ga kyamara. In ta bi fuska don ta fito sarai, rigar sai ta ƙone ta zama farar takarda, aikin da maɗinki ya yi makonni a kansa ya ɓace. In ta bi riga, fuskar sai ta nutse cikin duhu, ba a ganin kome sai haƙora. A JPEG, abin da ya ƙone ya ƙone ke nan, kuma in aka matsa wa duhun don a haskaka shi, sai fata ta yi dabbare-dabbare. A ɗanyen hoto kuwa, muddin ƙunar ba ta wuce kima ba, ana iya zama gaban kwamfuta a janyo zaren rigar ya dawo, a ɗaga fuskar ba tare da ta lalace ba. Haka nan zauren kamu da dare, inda fitila fara da ja da shuɗiya ke haɗuwa su mai da leshin amarya wani launi dabam da wanda aka saya. Launin haske a ɗanyen hoto ba a yanke shi ba tukuna, ana gyara shi daga baya ba asara. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Amma fa kowa ya ci zomo ya ci gudu. A kyamara mai megafiksel 24, ɗanyen hoto guda yakan kai megabait 25 ko 30, JPEG kuwa da wuya ya wuce 10. Katin ajiya mai gigabait 32 da zai ɗauki dafaffe dubu uku ko fiye, ɗanye kimanin dubu ɗaya zai ci ya cika, kuma kati bai san ana tsakiyar buɗar kai ba. Bugu da ƙari, ɗanye ba ya fita kasuwa yadda yake. Kowane kamfani da irin nasa: Canon na da CR2 da CR3, Nikon na da NEF, Sony na da ARW, abin da ya sa Adobe ya fito da DNG cikin 2004 don a sami na gama-gari. Sai an buɗe shi da manhaja, a gyara, a mai da shi JPEG, kana a kai wurin wanki ko a aika ta WhatsApp. Wannan aiki yana son kwamfuta mai ƙarfi, da wutar da ba ta ɗaukewa ko man janareta, da kuma dare guda ko biyu na zama. Wanda sana'arsa ita ce ya ɗauki 'yan biki, ya hau babur ya wanko, ya dawo ya baje a ƙofar zaure kafin taro ya watse, ɗanye ba nasa ba ne. Haka mai hoton fasfo, tun da shafukan neman aiki da na makarantu ƙaramin JPEG suke karɓa.

Kada kuma a ɗauka dafaffe abincin 'yan koyo ne kurum. Cikin 2015 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya umarci masu aika masa hotuna daga waje su aiko JPEG da aka ɗauka a kyamara, saboda sauri da kuma toshe ƙofar yi wa hoto kwaskwarima. A ɗaya gefen, gasar World Press Photo takan nemi ainihin fayil daga waɗanda suka kai zagayen ƙarshe, don a gwada a ga ba a yi coge ba. Nan ga wani amfanin ɗanye da ba a cika faɗa ba: shaida ne. Tsofaffin masu hoto na zamanin fim ba su rabuwa da baƙin fim ɗin da suka wanke, don wanda ke riƙe da shi shi ke da hoton.

Shawarar da ta fi dacewa da ɗan koyo ita ce ya fara da JPEG, a mafi girma da mafi kyawun saitin da kyamararsa ke da shi. Dafaffe malami ne mai tsanani, ba ya rufa wa kuskure asiri, kuma ta haka ido ke koyon karanta haske. Yaron da ya fara da ɗanye yakan saba da cewa a gyara a gida, alhali akwai abin da ɗanye ba ya gyarawa: hoton da ya yi dishi-dishi don hannu ya girgiza, ko saiti ya faɗa kan bango maimakon fuska, ko amarya ta lumshe ido. Amma in aka zo lokutan da ba a maimaitawa, kamar sa'ad da waliyyai ke musafaha bayan ɗaurin aure, ko kaka ta rungumi jariri ran suna, sai ya juya kyamara zuwa inda take ajiye biyun tare, ɗanye da dafaffe. Galibin kyamarorin sana'a suna da wannan saiti. Dafaffen ya tafi hannun masu biki a daren, ɗanyen ya zauna ajiya.

Sai dai ba a fafe gora ranar tafiya. Canon na ba masu kyamararsa manhajar Digital Photo Professional kyauta, Nikon kuma NX Studio. Ɗan koyo ya samo farar riga, ya sa ƙaninsa ya tsaya bakin inuwa da tsakar rana, ya ɗauke shi da saitin biyu, ya zauna ya ja hasken kowanne sama da ƙasa har ya ga inda wannan ke karyewa da inda wancan ke jurewa. In kuma ya gyara JPEG, kada ya ajiye gyaran a kan na asali, don duk ajiyar da aka sake sai an sake matse shi, ya rage kyau. Ya ba gyararren sabon suna, na farin ya bar shi yadda kyamara ta haife shi.