"Albarka" ba ƙarshen ciniki ba ce

Kowace safiya, a kasuwar Dole ta Damagaram ko a babbar kasuwar Maraɗi, akan ga baƙo ya tsaya bakin kanti, ya tambayi kuɗin kaya, ya taya, mai kanti ya ce "albarka", baƙon ya wuce. Galibin ƴan kasuwa suna ɗauka magana ta mutu ke nan. Alhali wanda ya tsaya har ya taya ya riga ya nuna buƙatarsa. Abin da ya hana shi saye bai wuce ɗaya cikin uku ba: kuɗi ba su cika ba, ko lokaci bai yi ba, ko kuwa bai amince da mai kayan ba tukuna. Dukkan ukun, bibiya ce maganinsu.

Fataken da sun san wannan sarai. Lokacin da ayari ke zuwa Gwanja sayen goro, a ƙarni na 19, mai masauki a Salaga yana saukar da baƙo, ya ajiye masa kaya, ya samo masa mai saye, ya karɓi la'ada. Amma ribarsa ta gaskiya ita ce baƙon ya sake sauka gidansa baɗi, ya zo da ɗan'uwansa. Shi ya sa ake rakiya, ake aika gaisuwa da ayari mai tafiya. Zumunta a ƙafa take, ciniki ma haka.

A yau, ma'aikacin gwamnati da ya taya babur ko buhun shinkafa a tsakiyar wata, da wuya a ce wasa yake. Albashi yake jira. Ɗan kasuwar da ya karɓi lambar wayarsa, ya kira shi ƙarshen wata ya ce "Malam, kayan nan suna nan, na ajiye maka", shi zai ci kasuwar. Haka yake ga wanda ya kai takardar farashi wani buro ya koma gida ya naɗe hannu. Takarda ba ta magana. Idan mai ita bai koma ya ji inda aka kwana ba, wata za ta hau kanta.

Ga masu albasar Galmi kuwa, bibiya tana farawa ne bayan an sallama. Albasa kaya ce mai ruɓewa, kuma tafiyar Akara ko Abijan ta kwanaki ce. Sabon mai saye yakan gwada mutum da lodi ɗaya. Idan mai kaya ya kira ya tambayi yadda suka sauka, ya ji buhu nawa suka lalace, ya yi ragi a kan hasarar, to ya samu abokin ciniki na shekaru. Idan ya karɓi kuɗinsa ya yi shiru, lodi na biyu na wani ne.

Rufe iyakar da Najeriya ta yi daga watan Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 ya ƙara fito da abin fili. Wata da watanni manyan motoci ba sa wucewa da kaya tsakanin Ɗan Isa da Jibiya kamar yadda aka saba. Wanda bai yanke gaisuwa da mutanensa na Katsina da Kano ba, da aka buɗe sai ya ɗora daga inda aka tsaya. Wanda ya yi shiru kuwa, sai ya koma neman amana tun daga tushe.

Sai dai bibiya daban, naci daban. Mai kira safe da yamma ba tare da sabon labari ba, korar mutane yake. Kira mai amfani shi ne wanda ya zo da dalili: sabbin kaya sun sauka, farashi ya faɗi, ko sallar layya ta gabato ga wanda ya taya rago. Idan mutum ya ce ba ya buƙata, sai a yi masa godiya a ƙyale shi, ƙofa na buɗe.

Kayan aikin ba su da tsada. Tun farkon shekarun 2000 da wayar salula ta shigo Nijar, kira ya maye gurbin doguwar tafiya, ga kuma WhatsApp na aika hoton kaya. Abin da ya rage shi ne ɗan littafi: sunan mai taya, lambarsa, abin da ya nema, da ranar da za a waiwaye shi. Ɗan kasuwar da ke rubuta masu bashi kaɗai, ya manta da masu taya, rabin dukiyarsa kawai yake lissafi.