Tutar Aro a Wayoyin Matasan Mandera

Da la'asar sakaliya, idan rana ta yi sanyi, matasan Mandera a ƙaramar hukumar Shagari kan haɗu a bakin shagon mai cajin waya ko teburin mai shayi. Waya ɗaya, kawuna biyar a kanta. Yau Kyaftin Ibrahim Traoré na Burkina Faso ne da jar hularsa, gobe makaman Iran ne suna keta sararin Isra'ila, jibi Putin. Kafin shayi ya huce wani ya ce, "Wallahi wannan shi ne namiji." Wani ya karɓe, "Da sojan nan za su zo mana, da mun huta." Haka abin yake a Bodinga, haka yake a Danchadi da Sifawa.

Babu laifi matashi ya san abin da duniya ke ciki. Mutanen ƙasar nan sun daɗe da riƙon rediyo a kunne, kuma tausayin wanda aka zalunta a Gaza ko Sudan alamar rayayyar zuciya ce. Damuwar tana ga yadda ake karɓar labarin da kuma abin da ake barin baya saboda shi.

A tuna watan Yulin 2023. Ranar 26 ga wata sojoji suka tsare Shugaba Mohamed Bazoum a Yamai, Janar Abdourahamane Tiani ya hau. ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, Najeriya ta yanke wa Nijar wutar lantarki, aka rufe iyakar Illela da Konni. Wanda ya ɗanɗana kuɗarsa shi ne direban da kayansa suka lalace a bakin iyaka, da ɗan kasuwar da jarinsa ya narke, da dangin da ke ɓangarori biyu na layin da Turawa suka shata. Waɗanda suka taimaka aka kauce wa yaƙi kuwa sun yi aikin ne da ƙafa da baki: Janar Abdulsalami Abubakar da Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar sun je Yamai, tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Bala Lau ta zauna da Tiani. A lokacin da dattawan ke wannan kai-komo, Facebook da TikTok sun cika da masu rura wuta, kowa da gwaninsa. Ba a ɗage takunkumin ba sai a Fabrairun 2024.

Shekara ɗaya bayan juyin mulkin Nijar abin ya shigo gida. A zanga-zangar tsadar rayuwa ta farkon Agustan 2024, an ga yara a Kano da Kaduna suna kaɗa tutar Rasha. Yunwarsu gaskiya ce, kuma cire tallafin man fetur ya jefa gidaje da yawa cikin halin ni 'yasu. Amma ofishin jakadancin Rasha a Abuja ya fito ya ce ba ruwansa. Aka kama teloli masu ɗinka tutar, aka kwashe matasa zuwa Abuja. Ranar 1 ga Nuwamba aka gurfanar da su a Babbar Kotun Tarayya, cikinsu har da ƙananan yara, wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali saboda galabaita. Gwamnati ta yi abin kunya da ta tsare yara wata uku, kuma sai da jama'a suka yi ca kafin Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarnin a sake su. Sai dai waɗanda suka koya wa yaran nan cewa ceto yana Mosko, ko ɗaya bai kwana a ɗakin tsaro tare da su ba.

Akwai abin da ya kamata ɗan Shagari ya fi kowa riƙewa a nan. Alhaji Shehu Shagari, malamin makaranta, Turakin Sakkwato, shi ne shugaban da 'yan Najeriya suka zaɓa a 1979, suka sake zaɓa a 1983. Ranar 31 ga Disambar 1983 soja suka kifar da shi, aka tsare shi har 1986, kuma ƙasar ba ta koma hannun zaɓaɓɓiyar gwamnatin farar hula ba sai 1999. Kabarinsa yana garin Shagari tun rasuwarsa a Disambar 2018. Matashin da ke zaune a ƙasar wannan dattijo yana addu'ar juyin mulki saboda bidiyon daƙiƙa talatin, ya kamata ya nemi wani tsoho a garinsu ya tambaye shi abin da shekarun soja suka tsinana wa talaka.

Bidiyon ma, da yawansu ƙirƙira ce. A 2025 an yaɗa waƙoƙin da aka ce wai manyan mawaƙan Amurka ne ke yabon Traoré, alhali da ƙirƙirarriyar basirar kwamfuta aka haɗa murya da fuska. Tsohon hoton wani yaƙi kan dawo da sabon suna. Mai turawa ya rubuta "a yaɗa don Allah", mai karɓa ya tura wa zauruka goma na WhatsApp bai tambayi wa ya ɗauka, a ina, yaushe ba. Musulmin da ya je makarantar allo ya san cewa Suratul Hujurat ta umarci a bincika labari kafin a yi aiki da shi, don kada a cutar da mutane cikin jahilci. Wannan umarni bai tsaya ga maganar baki ba; danna "tura" ma faɗa ce. Abin takaici ne a ce a ƙasar Sifawa da Bodinga, inda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ƙaninsa Abdullahi suka zauna suna karantarwa da rubuta littattafai, a yau ji-ta-ji-ta ce ke jan ragamar hira.

Kuma maganar intanet ba ta tsayawa a intanet. Watanni aka yi ana yayata wa Amurkawa cewa Kiristoci kaɗai ake kashewa a Najeriya, alhali a Sakkwato da Zamfara mafi yawan waɗanda 'yan bindiga ke hallakawa manoma ne Musulmi. A farkon Nuwamban 2025 Shugaba Donald Trump ya yi barazanar ɗaukar matakin soja a shafinsa. Daren 25 ga Disamba Amurka ta kai hari a jihar Sakkwato, gwamnatin tarayya ta ce da amincewarta, kuma tarkacen makami ya faɗo a Jabo ta ƙaramar hukumar Tambuwal, maƙwabciyar Shagari. Yaƙin da ake kallo a fuskar waya ya sauka a gonar maƙwabci.

To, ina aka bar na gida? A watan Afrilun 2022 kwale-kwale ya kife a ruwan Shagari da mutanen Gidan Magana, rai 29 suka salwanta, akasarinsu yara da matasa. A watan Mayun 2023 aka sake yin irinsa a Dandeji, yara 15 suka tafi. Itacen girki suka fita nema. An yi ta'aziyya, an saka hotuna na kwana biyu, hira ta koma kan Faransa da Rasha. Ko rabin zafin da ake nunawa kan Wagadugu aka zuba a kan wannan, da tuni kowane kwale-kwale a yankin yana da rigunan ruwa da ƙa'idar yawan mutanen da zai ɗauka.

Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. Nawa ne ke shigowa Shagari da Bodinga duk wata, kuma me ake yi da shi? Wannan tambaya ce da matashin Mandera ke da cikakken haƙƙin yi, da sunansa, da fuskarsa, da wayar nan da ke hannunsa. Kansilan mazaɓarsa ba ya Mosko, ba ya Tehran. Ana haɗuwa da shi a kasuwa da wurin ɗaurin aure.

Limaman Juma'a na Shagari da Bodinga su ware huɗuba kan zunubin tura labarin da ba a tantance ba. Masu riƙe da zaurukan WhatsApp su riƙa goge duk abin da ba a san tushensa ba, ko da babba ne ya turo. Ku kuma matasan Mandera, kafin ruwa ya sake cika a damina mai zuwa, ku je sakatariyar ƙaramar hukuma ku tambayi ina aka kwana kan rigunan ruwa, ku ɗauki amsar da aka ba ku, ku yaɗa ta.