Ruwa a gefen ƙura: me madatsun yammacin Kano ke amfanar makwabtansu?

Duk wanda ya bi titin Gwarzo daga Kano a watan Maris, ya wuce sabuwar Jami'ar Bayero da Rimin Gado, zai ga gonaki fayau, sai kututturen dawa da ƙura. Nan ba hamada ba ce, amma gatarin masu gawayi na ta share mata hanya. Abin mamaki, ka ɗan ratse daga kwalta a ƙasar Kabo sai ka tarar da madatsar Guzuguzu. Ka nausa Karaye kuwa, ga ta Challawa, wadda aka kammala a 1992, mai iya riƙe ruwa sama da kubik mita miliyan 900.

To ina amfanin ruwan ga manomin Masanawa, wanda da an gama girbi yake barin gida ya tafi cirani?

Tunanin da ya haifi madatsun Kano tun zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya gina ta Tiga, shi ne a tare ruwan damina a yi noman rani. Sai dai tare ruwa daban, kai shi gona daban. Inda babu magudanan ban-ruwa, manomi sai ya sayi injin ja da fetur, kuma tun cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin shayar da tumatir da albasa ke cinye ribar tun kafin kaya su isa kasuwa. Mai ƙarfi ne kaɗai ke iya jurewa.

Sare bishiyoyin ma yana komawa kan madatsun. Ƙasar da ba saiwar da za ta riƙe ta, ruwan sama ke kwasarta ya zuba a cikinsu, su cike da laka, ruwan da suke ɗauka ya ragu shekara bayan shekara.

Akwai kuma batun rai. A Nuwamban 2021 jirgin ruwa ya kife a madatsar Watari da ke Bagwai, akasarin mamatan 'yan Islamiyya ne. A Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri. Challawa tana hannun Hukumar Raya Kogunan Hadeja da Jama'are ta tarayya, ƙananan kuma na gwamnatin jiha. Kowacce ya kamata ta fito ta faɗa wa mazauna ƙasan bango yaushe rabon injiniya ya duba shi, nawa kuma aka ware domin yashe lakar kafin damina.