Sarauta Ba Ta Maye Gurbin Kurmi

A kudu maso gabas da ƙasar Sin akwai tsibiran Filifin, kuma a cikin kurminsu akwai wata mikiya da ake lissafawa cikin manyan mikiyoyin duniya. In ta buɗe fukafukanta sukan kai kusan ƙafa 7. Ba a samunta ko'ina sai a tsibirai huɗu, su ne Luzon da Samar da Leyte da Mindanao. Masana sun ƙiyasta abin da ya rage daga cikinta wajen aure 400 ne, wato namiji da tamata.

Hukumar ƙasar ba ta rage ta da girmamawa ba. A 1978 aka cire mata tsohon sunanta na mai cin birai, aka sa mata sunan ƙasa. A 1995 Shugaba Fidel Ramos ya naɗa ta tsuntsuwar ƙasa. Dokar 2001 ta yanke wa wanda ya kashe ta ɗauri har na shekara 12. Amma duk da haka, a 2015 aka saki wata mai suna Pamana, ma'ana gado, bayan an yi mata jinyar harbi, wata biyu aka tsinci gawarta, an sake harbinta.

Hakika maharbi ya yi laifi. Sai dai wanda ya tsaya a kansa ya kama reshe ya bar tushe. Ita wannan mikiya ƙwai ɗaya take yi cikin shekara biyu, a bisa doguwar itaciya, kuma aure ɗaya yana bukatar kurmi mai faɗin eka 10,000 ko fiye kafin ya ci ya ƙoshi. A wajen 1900 kurmi ya rufe kusan kashi 70 cikin 100 na ƙasar. Kafin ƙarnin ya ƙare ya koma ƙasa da rubu'i, domin an sare shi an loda katako a jiragen ruwa zuwa Japan da Amurka. Mikiyar da ta rasa kurmi ita ce ke matsowa kusa da gonaki da gidaje, har ta gamu da bindiga. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi: talakan ƙauye ake ɗaurewa, alhali attajirin katako ya daɗe da cin ribarsa.

Idan aka ce katako fatauci ne, ya ciyar da mutane, sai a ce gaskiya ne, amma kowane falke ya san bambancin jari da riba. Wanda ya sayar da jakinsa da mangalarsa ya kira kuɗin riba, ba ya sake fita fatauci. Mutanen garin Ormoc na tsibirin Leyte sun ga ƙarshen irin wannan lissafi a 1991, sa'ad da ambaliya ta gangaro daga duwatsun da aka aske, ta halaka mutum wajen 5,000.

Idan kuma aka ce ai ana kiwonta a keji, to, lalle a 1992 an ƙyanƙyashe ta farko a Dabao, aka sa mata suna Pag-asa, ma'ana fata. Ta yi shekara 28 ta mutu a 2021 ba ta taɓa farauta a kurmi ba. Keji yana tsare iri ne kurum, kuma iri ba ya amfani in babu gonar shuka shi.

Saboda haka wajibin hukuma shi ne ta tsare sauran kurmin, ta tsananta hanin sara da aka kafa a 2011, ta bi sawun mai sayen katako kamar yadda take bin sawun mai bindiga. Mutanen ƙauyen da ke gadin sheƙa kuwa a biya su ladan aikinsu. Wannan ita ce girmamawar da za ta amfane ta. In ba a yi haka ba, za a wayi gari mikiya tana bisa takardar kuɗi, sarari kuwa babu ita.