Karen da ke cizo: a binciki uwarsa da ubansa

A shekarar 1959 masanin nan ɗan Rasha, Dmitry Belyaev, ya fara wani gwaji a Novosibirsk da ke Saiberiya. Cikin yanyawar da ake kiwo don fatarsu, ya riƙa zaɓar waɗanda ba sa kai wa hannun mutum cizo, yana haɗa su barbara. Ba a jima ba jikoki suka fara kaɗa wutsiya suna lasar hannun mai ba su abinci. Daga baya aka ware zuriyar masu zafin rai, su kuwa nasu jikokin da zarar mutum ya matso sai su afka wa wayar keji da haƙora. Ko da aka ba uwa mai sanyin hali renon ɗan mafaɗaciya, bai bar halin gidansu ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Ke nan ana gadon faɗa. Sai dai daga wa?

Nan gwamnatoci suka yi tuntuɓe, suka ɗora laifin a kan irin kare. Birtaniya ta kafa dokar karnuka masu haɗari a 1991, ta haramta iri huɗu, ciki har da Pit Bull, kuma daga Fabrairun 2024 mallakar kare irin XL Bully ba tare da takardar izini ba ta zama laifi a Ingila da Wales. Holan ta bi wannan hanya a 1993, ta janye a 2008 da ta ga cizo bai ragu ba. Binciken da Elinor Karlsson da abokan aikinta suka wallafa a mujallar Science a 2022, kan karnuka sama da 18,000, ya nuna cewa irin kare yana bayyana kusan kashi 9 cikin 100 ne kawai na bambancin hali tsakanin kare da kare. Sunan iri bai isa shaida ba. Halin uwa da uba ya fi kusa da gaskiya.

Saboda haka nauyin yana wuyan mai kiwo. Wanda ya san karyarsa ta taɓa cizon yaro ba dalili, ya kuma haɗa ta barbara don kwiyakwiyai na kuɗi, ya sayar wa jama'a da masifa da saninsa. Abin takaici, a kasuwar karnukan gadi wannan zafin shi ake tallatawa, alhali kare mai yawan tsoro da firgita shi ya fi saurin cizo, kuma tsoron ma ana gadonsa.

Reno na da nasa kaso. Tsakanin mako 3 zuwa 12 na rayuwar kwikwiyo ne yake sabawa da mutane. Wanda ya yi waɗannan makonni a ɗaure bayan gida, ba ya ganin kowa, da wuya ya gyaru.

Magidancin da zai sayi Boerboel ko Rottweiler don gadin gida a Abuja ko Kano ya nemi a nuna masa uwar kwikwiyon, ya tsaya ya ga yadda take karɓar baƙo. In mai sayarwa ya fara kame-kame, magidancin ya mayar da kuɗinsa aljihu.