Nasiha Ga Attajirai: Tsayawar Kasuwa Ba Dalilin Korar Yara Ba Ne

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai. Bayan haka, sananne ne ga ma'abota ciniki cewa kasuwa ba ta dawwama a kan hali guda. Yau a yi ruwan ciniki, gobe haja ta kwana a rumfa ba mai taya ta. A irin wannan lokaci abin da ke fara faɗo wa maigida a rai shi ne ya rage yaransa da ma'aikatansa. Wannan shawara ce ta gaggawa, kuma sau da yawa hasararta ta fi ribarta.

A dubi abin da ya auku a birnin Osaka na ƙasar Japan. A shekarar 1929 tattalin arzikin duniya ya karye, ciniki ya mutu. Akwai wani mai masana'anta, Konosuke Matsushita, wanda ke ƙera fitilun keke da kayan lantarki. Kafin ƙarshen shekarar cinikinsa ya ragu da rabi, sito ya cika maƙil, shi kuwa yana kwance ba lafiya. Wakilansa suka kawo shawara a sallami rabin ma'aikata. Ya ƙi. Ya yi umarni a rage ƙira da rabi, masu ƙira su yi aikin rabin yini, a biya su ladansu cikakke, kana a bar hutu a duƙufa ga sayar da abin da ke sito. Cikin wata biyu kaya suka ƙare, masana'anta ta koma aikin yini cur a farkon 1930. Gidan nan shi ne ake kira Panasonic a yau.

Hikimar da ke ciki a fili take. Albashin 'yan watanni kuɗi ne ƙididdigagge, amma yaron da ya san haja, ya san masu saye, ya san wanda ake ba bashi da wanda ba a ba, aka kuma jarraba amanarsa shekara goma, ba a sayen irinsa a kasuwa. In aka kore shi yau, ran da ciniki ya farfaɗo sai a tarar ya koma wurin abokin gasa, ya tafi da masu sayensa.

Mai musu zai ce ba kowane maigida ke da ƙarfin biyan lada cikakke ba. Gaskiya ne, amma tsakanin biya cikakke da kora akwai matakai. Jamusawa suna da tsarin gajarta lokacin aiki: ma'aikaci ya rage sa'o'i, hukuma ta cika masa kashi 60 cikin 100 na abin da ya rasa, ko 67 in yana da 'ya'ya. A watan Afrilu na 2020, zamanin annoba, kimanin mutum miliyan 6 suka shiga wannan tsari. Inda babu irin wannan tallafi ma, asalin dabarar yana nan, watau a raba ƙuncin kaɗan kaɗan a kan kowa, maimakon a jibga shi duka a kan 'yan ƙalilan.

Saboda haka mataki na farko shi ne maigida ya fara da kansa. Ba ya kyautuwa a rage abincin yara alhali ana sabon gini ko sayen sabuwar mota. Na biyu, ya tara su ya buɗe musu littafin ciniki, gama wanda ya ga lissafi da idonsa ya fi haƙuri. Na uku, a yi aiki karɓa-karɓa, ko a juya mai zaman rumfa zuwa cin kasuwannin ƙauye da karɓo bashi. Na huɗu, in tilas ta sa a rage lada, sai da yardar mai shi, a yanka wa'adi, a rubuta gaban shaidu, domin malaman fiƙihu sun shardanta cewa ladan ijara ya zama sananne, kuma abin da aka ƙulla da yarda ba a sake shi da ƙarfi.

Gaba da duk wannan akwai tanadi. Ƙissar Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ta isa darasi: shekara bakwai na yalwa su suka ciyar da bakwai na fari. Attajirin da ya ware wani abu daga ribar kaka domin albashin bazara ba zai firgita ba ran da kasuwa ta yi sanyi.

In kuwa an bi duk hanyoyin nan ba su fisshe ba, to a rabu da mutunci, a biya haƙƙi duka, a haɗa da ɗan jari ko a nema wa yaro wani ubangida. Bayan kowane ma'aikaci akwai gida mai jiran cefane. Allah Ya buɗa kasuwa, Ya sa albarka cikin nema. Wassalamu.