Nasarar Palaszczuk ba tsintuwa ba ce

Masu sharhin siyasa a Ostiraliya sun daɗe suna maimaita magana guda a kan Annastacia Palaszczuk: wai a bisa tsautsayi ta zama Firimiyar jihar Queensland a 2015. A cewarsu jama'a ne suka gaji da Firimiyan lokacin, Campbell Newman na jam'iyyar LNP, ita kuwa faɗuwa ce ta zo mata daidai da zama. Ni ban yarda ba, kuma ina ganin da namiji ne ya yi abin da ta yi, da tuni an sa masa suna gwanin dabara.

A dubi abin da aka miƙa mata. A zaɓen Maris na 2012 jam'iyyarta ta Labor ta sha kayen da ba ta taɓa sha ba a jihar: kujeru 7 kacal cikin 89, jam'iyyar LNP ta kwashe 78. Firimiya Anna Bligh ta Labor ta ajiye siyasa. Mazan da ake yi wa kallon magadanta, Andrew Fraser da Cameron Dick, ko mazaɓunsu ba su kawo ba. Palaszczuk ta karɓi jagorancin ba tare da hamayya ba, don babu mai kwaɗayin sa. Har ba'a ake yi cewa motar Toyota Tarago guda ta isa ta kwashe 'yan adawar baki ɗaya.

Mutum bakwai ne za su sa ido a kan kowace ma'aikata, kowannensu da ma'aikatu da dama a wuyansa, su tashi su yi tambaya a zauren da 'yan gwamnati suka cika maƙil. Mu da muka saba ganin ɗan majalisa ya sauya sheƙa tun kafin a gama ƙidayar ƙuri'u mun san irin wannan zama ba kowa ke jure shi ba. Ita ta riƙe nata, har ta ƙara biyu a zaɓukan cike gurbi na Redcliffe da Stafford a 2014.

Gaskiya ne Newman ya taimaka. Ya rage ma'aikatan gwamnati kusan 14,000, ya yi rigima da likitoci da lauyoyi, sannan ya shiga zaɓe da shirin ba da hayar kadarorin jiha, irin su tashoshin jiragen ruwa da kamfanonin lantarki, na shekara 99. To amma gwamnatoci nawa ne jama'a suka tsana suka kuma koma mulki saboda adawa ta watse? Fushin talaka ba ya zama ƙuri'a sai an samu mai tara shi wuri guda. Palaszczuk ta kama batun kadarorin ta ƙi saki, duk da ta san sayar da kadarori na cikin abin da ya kayar da jam'iyyarta a 2012. Ko ranar da aka tambaye ta a rediyo nawa ne harajin kayayyaki ta kasa faɗa, dariyar da aka yi mata ba ta sa ta canza zance ba.

Ranar 31 ga Janairun 2015 Labor ta samu kujeru 44, Newman ya rasa tasa ta Ashgrove, ita kuma ta kafa gwamnati da goyon bayan ɗan majalisa mai zaman kansa, Peter Wellington. Ita ce mace ta farko a ƙasar da ta tashi daga jagorancin adawa ta kama mulkin jiha.

Wasu kuma su ce ai gado ta ci, tunda mahaifinta Henry ne ya riƙe mazaɓar Inala kafin ta karɓa a 2006. Haka ne, gadon ya ba ta kujera ɗaya. Sauran 43 fa? Masu zancen tsautsayi kuma har yau ba su faɗa mana yadda aka yi ya sake afka mata a 2017, da kujeru 48, da kuma 2020, da 52, har ta sauka don kanta a Disambar 2023 ba.